Huji Huɗu a Murfin Rijiya

Rana ta faɗa bayan itatuwan kwakwa, ba a kai ga kiran magariba a Tanga ba. Bi Mwanahawa tana kankare kwakwa a ƙofar kicin, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya a gaban ƙafarta. Ta ɗauka. Ɗigon ƙarfe ne, dunƙulalle kamar ƙwayar wake, da sauran zafinsa. Kafin ta jefar, wasu sun zubo kamar ƙanƙara, alhali babu ko gajimare a sama.

Ta san asalinsa. Kwana uku da suka wuce, mijinta Fundi Mwinyihaji mai walda ya sa ƙarti shida sun ɗora faifan ƙarfen tsohon jirgin ruwa, kaurin yatsa biyu, a bakin rijiyar tsakar gida. Huji takwas yake so ya yi don ɗaure famfo. 'Yarsu Tatu, wadda ta zo hutu daga karatun injiniya, ta duƙa ta auna kaurin.

"Baba, wannan ƙarfen injin huda yake so. Wuta za ta bar bakin hujin a karkace, gefen ya taurare, noti ya ƙi zama. Kuma narkakken ƙarfen cikin ruwan shanmu zai zuba."

"Inji kwana biyu, wuta minti goma," in ji Fundi. "Tun malamanki suna tsumma nake yanka ƙarfe, Injiniya. Je ki taya uwarki tuƙa tuwon ugali."

Ya kunna wutar gas da almuru. A unguwarsu ko ruwan shinkafa mai zafi ba a zubarwa sai an ce hodi, wato sallama, an nemi iznin na ƙasa. Shi bai ce ba. Ya yi huji huɗu, gas ya ƙare.

Tun daga nan kowace magariba ƙarfe ke zuba a rufi, sa'an nan wani nishi ya riƙa fitowa ta hujin, irin na yaron da ya gaji da kuka. A rana ta biyar Tatu ta zauna a kan murfin, ta ƙi ci, ta ƙi tashi. Uwar ta ɗaga rigarta, ta ga ƙuna huɗu a jere a gadon bayanta.

Aka kira Shehe Kombo, tsohon malamin da ke karantarwa a masallacin bakin teku. Ya zo bayan la'asar, ya zauna yana karatu har inuwa ta cinye tsakar gidan. Sai Tatu ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya.

"Rage murya, Kombo. Ɗana yana barci."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai rijiyar. Ina nan tun kakan wannan mutum bai sayi fili ba. Mai waldan nan ya zubo mana wuta babu sallama, ta sauka a bayan ɗana. Ya ƙona nawa, na kama tasa."

Tsoron Mwanahawa ya koma fushi. Ta matso har gwiwarta ta taɓa ƙarfen.

"Yarinyar nan ita ce ta hana shi. Kina ƙasa, kin ji. Ga mai laifin can tsaye da ƙafafunsa biyu, kika tsallake shi kika kama wadda ta yi muku magana. Ashe ku ma a wurinku mace ce ke biyan laifin namiji?"

Idanun Tatu suka juyo a hankali. "Jikinsa duk warin wuta ne, ba ya shiguwa."

"Wanda bai yi laifi ba ba ya ɗaukar na wani," in ji Shehe. "Hukuncin nan ya hau kanku kamar yadda ya hau kanmu. Faɗi abin da za ki karɓa ki fita."

"Hannunsa na dama."

"Ba za ki samu ba."

Aka daɗe ana ja. Shehe ya ɗaga karatu, jikin Tatu ya riƙa karkarwa, ƙarfe na zuba a rufi. Daga ƙarshe muryar ta sauko.

"Sauran huɗun ya huda da inji, da rana, yana zuba ruwa, a share garin ƙarfen kada ya faɗo mana. Abin wutar nan kuma a kai shi teku a jefa. Kada ya sake riƙe irinsa har ya mutu."

Kowa ya dubi Fundi. Ya dubi bututun gas ɗin da ke jingine da bango, ya dubi 'yarsa, ya sake duban bututun. Mwanahawa tana jin kiran salla ya fara a nesa, ya kai tsakiya, ya ƙare, bai buɗe baki ba.

"Baban Tatu," ta ce.

"Na yarda," ya ce, kansa a ƙasa.

Tatu ta yi atishawa sau uku, ta kife. Wata iska mai sanyi ta shige ta hujin, rufin ya yi tsit.

Da safe ta farka a ɗakin uwarta, ba ta tuna kome ba. Mwanahawa tana shafa mata man kwakwa a baya tana ba ta labari, ƙugin injin huda yana shigowa daga tsakar gida.

"Da aka ce ya zaɓa, Mama, me ya ce?"

"Ya yarda."

"Nan take?"

Mwanahawa ta ci gaba da shafa man.