Na-uku Ba Ya Ɗaga Murya

"Ƙafa dubu uku, yallaɓai. Tayoyi sun fito."

Muryar ta fito daga ƙananan ramukan da ke saman allon tuƙi. Ba muryar inji ba ce, muryar saurayi ce mai ɗan dishi, har da jan numfashi. Suwaiba Tanimu, mataimakiyar matuƙin jirgin sama, ta ji tsigar jikinta ta tashi kamar kullum. Mai wannan muryar ya shekara arba'in a kabari.

Matuƙa suna kiran na'urar Na-uku, domin ita ce ta uku a ɗakin tuƙi. Injiniyoyi ne suka tattara baƙaƙen akwatunan da ke naɗar muryar matuƙa daga jiragen da suka faɗi, suka ɗura mata mintunan ƙarshe na kowane. Hikimarsu ita ce, wanda ya riga ya mutu a kan kuskure ya fi kowa gane shi in ya dawo. Kuma gaskiya Na-uku yana ganewa, tun kafin allo ya nuna. Sai ya yi gargaɗi da bakin wanda ya taɓa ganin irinsa.

Ranar ana ruwan Agusta tun hantsi. Birnin Tudun Sama ya ɓuya a cikin gajimare, da dogayen benayensa da titin saukar jirage da aka ɗora kan ginshiƙai, ƙafa ɗari huɗu sama da rufin gidaje. Fasinja ɗari biyu da sha ɗaya ne a baya. Kyaftin Haladu Ɓagwai ke tuƙi, dattijo mai furfura, wanda ya koya wa Suwaiba tashi, ya kuma yi mata walicci ranar aurenta. Ko ido ba ta iya haɗawa da shi.

"Yallaɓai," in ji Na-uku, yanzu da muryar wata mata, "kamar dai mun ɗan yi ƙasa, ko idona ne?"

"Na gani," in ji Kyaftin. Bai duba ba.

Na-uku ya yi shiru.

Suwaiba ta duba. Lambar tsayin da Kyaftin ya saka ta tsohon filin jirgin ce, na ƙasa, wanda ya sauka a kansa shekara talatin kafin a rufe shi. Hannunsa ne ya tuna, ba kansa ba. A haka jirgin ba zai hau titi ba, ginshiƙai zai tarar.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan lambar, ko a sake dubawa?"

"Suwaiba, da wannan hannun na saukar da jirgi tun ba a haife ki ba."

"Haka ne, Baba."

Ta ji kanta ta faɗa, ta ji kunyar ta fi ƙarfin tsoron. Sai wata murya ta uku ta fito daga ramukan, ta wani magidanci mai ladabi: "Allah ya taimake ka, ba wai ina gyara maka ba ne..." Bai ƙarasa ba. Wata ta karɓa: "Ranka ya daɗe, in ba damuwa..." Wata kuma: "Ka fi ni sani, amma..." Suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, kowa da tattausan harshe, kowa yana yankewa a tsakiyar magana.

A nan ta gane abin da masu digiri suka kasa ganewa. Duk waɗannan mataimakan matuƙa ne irinta. Duk sun ga kuskuren, duk sun faɗa cikin ladabi, kuma inda maganarsu ke yankewa nan jirginsu ya daki ƙasa. Na-uku ya koyi idonsu, ya kuma koyi kunyarsu.

Ƙafa ɗari shida. Gajimare ya tsage, ga baƙin ginshiƙi tsaye a gabansu.

"Haladu! Sakar min jirgin!"

Ta buge hannunsa, ta tura totur har ƙarshe, ta ja sandar tuƙi. Injuna suka yi ruri. Ƙasan jirgin ya wuce gefen titin da tazarar da ba ta kai tsayin mutum ba. Suka zagayo, ta saukar da shi da kanta.

Injuna suka mutu. Sannan Kyaftin ya cire hularsa ya ɗora a cinya.

"Kin kira sunana," ya ce. Ba ta iya gane faɗa ne ko godiya ba. Ta fashe da kuka.

Washegari ta je wurin injiniyan da ke kula da na'urar, Malam Isiyaku Ɗanfulani, ta zayyana masa komai. Ta roƙe shi ya ɗauki ihun da ta yi ya saka wa Na-uku, ko ya koyi tsawa. Jirage ɗari huɗu ke tashi da shi kowace safiya.

Malam Isiyaku ya daɗe yana danne-danne, sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, ba ya karɓa. An gina shi ne ya koya daga jirgin da ya faɗi kawai. Ke kuma kin sauka lafiya."

Ta juya za ta fita. Daga na'urar gwajin da ke kan teburinsa, muryar saurayin nan mai dishi ta ce a hankali, "Sai mun sake haɗuwa, ranki ya daɗe."