Ruwan Wankin Kibod

Tun da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Baba, bakinsa ya mutu. Yatsa ɗaya ya rage masa mai motsi a hannun hagu. Da shi yake danna kibod, maganarsa ta fito a gilashin tsohuwar kwamfutar da ke gefen gadonsa. Da yatsan nan yake neman ruwa, da shi kuma yake tsokanar Auta, 'yarsa mai jinyarsa. Girki bai isa ya yi ƙauri ba, sai ta tarar ya rubuta: "Sannu da aiki, Sarkin Ƙona Tukunya." Ta yi ta ƙunƙuni, shi kuwa idanunsa na dariya.

Wata la'asar kofin shayi ya kuɓuce mata, ya tuntsure a kan kibod ɗin. Kafin rana ta yi sanyi sukari ya daskare, maɓallan suka manne. Baba ya danna, ya sake dannawa, babu abin da ya fito. Ya ɗago ido ya dube ta, sai ta ji kamar ta tsaga ƙasa ta shige.

"Kwantar da hankalinka, Baba," ta ce. "Ba za ka kwana shiru ba."

Ta zare wayar kibod ɗin daga kwamfuta. Ta ɗauki hoton jerin maɓallan don kada ta rikita su, sannan ta bi su da gindin cokali tana ɓamɓarewa. Abin da ta tarar a ƙasa sai wanda ya gani: ƙura, ɓurɓushin burodi, matattun kiyashi, da farin gashin gemun Baba. Ta goge allon da tsohon buroshin haƙori. Maɓallan kuwa ta zuba su a roba, ta sheƙa musu tafasasshen ruwa da sabulu.

Sauri, an ce, ya haifi nawa. Rana ta faɗi, gari ya yi ja. Auta ta tsame maɓallan da mataci, ta ɗauki robar, ta watsa ruwan yana tururi cikin rariyar bayan kicin. Ko bisimilla ba ta yi ba.

Wani siririn kuka ya fito daga ramin, kamar na ɗan kyanwa. Ya katse.

Ta tsaya. Wari ya taso, irin na gashin da wuta ta taɓa. Ta ce wa kanta ɓera ne, ta koma ɗaki.

Ta zauna a bakin gado tana shanya maɓallan da tsumma, tana mayar da kowanne gurbinsa. Fanka na juyawa a hankali. Numfashin Baba ya yi nauyi. Ta danna na ƙarshe ya zauna, ta sunkuya neman wayar.

Tak.

Tak. Tak.

Wayar tana hannunta. Ba ta haɗa ba.

Maɓallan na nitsewa da kansu, ɗaya bayan ɗaya. A gilashin rubutu ya fito: "Wa ya zuba ruwan?"

Ta dubi Baba. Hannunsa na kan ƙirjinsa. Idanunsa sun fito waje, kuma ba ita yake kallo ba. Bayanta yake kallo.

Warin ya cika ɗakin. Ruwa na ɗiga a kan siminti, dab da dugaduganta.

Wani rubutun ya fito: "Ɗana yana barci a rariya."

"Ban sani ba," ta ce cikin raɗa. "Wallahi ban sani ba. Ku yafe mini."

Tak. Tak.

"Ya daina magana."

Ta kai hannu za ta fizge kibod ɗin. Zafi kamar garwashi. Wani ɗan ƙaramin hannu, jiƙaƙƙe, ya fito ta tsakanin maɓallan ya damƙe mata yatsu.

Yana ja.

Da ƙyar a'uzu ta fito daga bakinta. Ta fizge da iya ƙarfinta, ta faɗi da baya, fatar yatsunta ta saɓule.

Ɗigar ruwan ta tsaya.

Da safe ta jefar da kibod ɗin. Yayanta ya kawo sabo fil a kwali, aka kira masu addu'a suka yi iya yinsu. Auta ta ɗora hannun Baba a kai da nata hannun mai bandeji.

"Yi magana, Baba. Ko zagina ne."

Yatsan ya motsa yana rawa, kamar ana jansa. Hawaye na gangarowa cikin gemun Baba lokacin da rubutun ya fito: "Wa ya zuba ruwan?"

Sun gwada wayar salula. Sun gwada takarda da alƙalami. Duk abin da yatsan ya taɓa, tambayar nan ce. Yanzu kwamfutar na rufe da zani, ƙishirwa da ciwon Baba kuwa sai dai Auta ta yi ta laluben su a idanunsa, sau da yawa ta kuskure.

Rannan girki ya ƙone, ƙauri ya cika gida. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya, don sabo. Baba ya dube ta, ya dubi yatsansa, sai ya naɗe shi cikin tafin hannu.