Bakin Mayafin Odile

"Na ce babu baƙon hannun da zai taɓa mayafin nan! Balle na mutanen can!"

"Papa... mutanen can fa su ne dangina daga ranar Asabar."

"To ki je. Amma ba da rakiyata ba."

Odile ta bi mahaifinta da kallo har ya bugo ƙofa. Alcide ke nan, tsohon masuncin jatan lande na garin Dulac, mutumin da in ya kafe ko jirgi ba ya jan sa. Shekara talatin yana gaba da masuntan Vietnam da suka zauna a gaɓar tekun, wai sun cinye musu ruwa. Sai ga 'yarsa tilo ta rasa wanda za ta so sai ɗansu, Khang. Ita kuwa ba ta da burin da ya wuce Papa ya riƙe hannunta ya shiga da ita coci.

Mayafin auren, mahaifiyar Odile ce ta fara shi kafin ciwo ya ɗauke ta. Ta bi bakinsa da keken ɗinki tana fitar da ado mai lanƙwasa irin ta jinjirin wata, ɗaya bayan ɗaya, ta kai tsakiya aikin ya tsaya. Laifin Odile ɗaya, ta ce mahaifiyar Khang mai shagon ɗinki za ta iya ƙarasawa.

Washegari ta buɗe akwati, babu mayafi babu dalilinsa. Kwana uku Papa na fita da sassafe bai ce mata kanzil ba. Ta ci kuka har ta gode Allah.

"Haba sanyin idona," in ji Khang ta waya, "ko buhu kika yafa zan aure ki."

"Kai komai wasa ne!"

"To je ki shagon Mama ta yanka miki wani. Yanzu fa, kar ki bari sai yamma."

Tun daga bakin ƙofar shagon ta jiyo faɗan Mama Tuyet, mahaifiyar Khang.

"Kar ka ja! Sau nawa zan faɗa? Wannan ba taru ba ne, bar keke ya ci da kansa!"

"Madam, na fa girme ki..."

"A teku ka girme ni. A nan ɗan koyo ne kai! Ka zo kusurwa, bar allura a ciki, ɗaga ƙafar keken, juya... Yauwa!"

Odile ta leƙa. Papa ne zaune a kan 'yar kujera, tabarau a kan hanci, gumi na bin wuyansa. Manyan hannayen nan da igiya da gishiri suka cinye suna lallaɓa farin mayafi kamar jinjiri.

"Papa...?"

Bai ɗago ba, sai kunnuwansa da suka yi ja.

"Ranar Talata ya faɗo min," in ji Mama Tuyet, "ko gaisuwa babu, wai in koya masa. Tsumma ya fi ashirin ya lalata min, allura huɗu ya karya!"

"Uku."

"Huɗu!"

Ya kai ƙarshe, ya yanke zare, ya ɗauki ɗan almakashi yana rage yadin da ya wuce ɗinki, a hankali, yana riƙe numfashi.

"Aikin matata ne," ya ce murya can ƙasa. "In za a ƙarasa, ni ya kamata."

Odile ta shimfiɗa mayafin. Ɓangaren mahaifiyarta sumul, kowace lanƙwasa daidai da 'yar'uwarta. Na Papa kuwa, wata ta yi ƙiba, wata ta rame. Ta ji alfahari ya cika mata ƙirji. Wace amarya ce a duk Dulac ta taɓa samun irin wannan?

"Uku sun karkace," Mama Tuyet ta ce tana share ido. "In warware?"

"A'a Mama! Ko zare ɗaya kar a taɓa min."

Ta durƙusa ta kama hannayensa.

"Papa... Asabar fa?"

Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ki ce wa yaron nan ya aske wannan uban gashin nasa. Ke kuma ban da sauri in mun shiga cocin, 'yata. Kin san gwiwata."