Wa Zai Share Ƙofar Gidanmu?

Jikan farko na gidanmu ba ya nan. Wata shida ya yi a cikin Zebiniso, matar yayana Doniyor, ya fito ko kuka bai yi ba. Tun kafin aure aka yi mata aiki a bakin mahaifa, aka yanke inda ya fara lalacewa, sai wurin ya gajarta, ya kasa riƙe ciki.

Da ta sake samun ciki, likita ta ɗinke bakin mahaifar, ta ja mata kunne: "Ban da ɗaukar bokiti, ban da yawan duƙawa!"

To a unguwarmu ta Margilon, matar ɗa, wadda muke kira kelin, ita ke fita da sassafe ta yayyafa ruwa, ta share titin ƙofar gida. A nan ake auna tarbiyyarta. Kwana uku babu shara, mahaifiyarmu ta kasa haƙuri.

"Kelin, ciki bakwai na yi, tsintsiya ba ta bar hannuna ba! So kike a ce sarauniya na auro wa ɗana?"

"A'a, Oyijon," wato Mama. Zebiniso ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. Ta san abin da bokitin zai iya jawo mata, amma ta miƙa hannu. Doniyor ya riga ta ɗauka, ya fice.

Yana cikin shara, maƙwabciyarmu Mastura ta leƙo. "Ikon Allah! Doniyor, sai mu saya maka ɗankwali ko?"

"Mai fure-fure, don Allah, ja ba ya yi mini kyau!" in ji Doniyor.

Mata suka kwashe da dariya. Mahaifiyarmu ta fito a fusace, ta fizge tsintsiyar.

"Kawo nan, sharar ma ba ka iya ba!"

"Af, ina kelin ɗin taki?" in ji Mastura. "Ai cikin ma ba ya zama mata."

Mahaifiyarmu ta ce, "Jika ɗaya na rasa, Mastura. Ba zan rasa na biyu saboda bakinki ba."

Daga ranar ita ke sharar, tana mita, ta dawo Zebiniso ta zuba mata shayi daga zaune. Da ciki ya kusa wata tara aka cire ɗinkin. Bayan kwana goma sai ga 'ya mace, kukanta har titi!

Darasin dai ke nan: surutun maƙwabta bai kai ran jariri ba.

Ku taya mu addu'a, Allah Ya raya mana ita, Ya sa wanda ya riga mu ya cece mu, Ya sauke duk mai ciki lafiya. Ku ce amin.