Balbela Mai Ado da Farin Zalɓe

A wani ƙauye kusa da Makoda, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari, amma taurin kai gare ta na gaske. In ta kafe a kan magana, ko duk gari zai taru ba ta sauka.

Ranar Litinin, Malama Nuriyya mai koyar da kimiyya ta ba su aiki.

"Kowa ya ari waya a gida," in ji ta. "Ku je fadama ku ɗauko hoton tsuntsaye iri biyu daban-daban. Wanda ya yi daidai, shi za mu tafi da shi ganin babban dam ranar Asabar."

Yarinyar ba ta taɓa ganin dam ba. Ta ce a ranta, ko ana ha-maza-ha-mata sai ta shiga motar zuwa dam ɗin nan.

Da yamma ta ari wayar yayanta Zubair. Damina ce, fadama ta cika taf. Ta ɗauki hoton wata farar tsuntsuwa tana bin shanu. Ta ɗauki wata mai gashi ruwan goro a ka da ƙirji. Can nesa kuma ta ɗauki wani fari, yana tsaye shi kaɗai cikin ruwa.

Ta duba hotunan. "Fari da fari ai abu ɗaya ne," ta ce. Ta goge na ukun.

A hanya ta biya gonar shinkafar kakanta, Malam Dabo. Ta miƙa masa wayar tana taƙama. Tsohon ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Balbela da balbela," ya ce.

"Haba Kaka! Ba ka ga launin wannan ba?"

"Na gani. Adon damina ne. In za ta yi ƙwai haka take yi. Rani na zuwa za ta koma fara fat."

"Kai dai idonka ne ya tsufa."

"To, sarkin sani. Idon nan ya shekara sittin a fadamar nan."

Ta karɓe wayar ta yi gaba, ko waiwaye babu.

Ranar Laraba Malama ta duba hotunanta. "Ɗaukar ta yi kyau," ta ce. "Amma iri ɗaya kika kawo. Duka balbela ne."

"Malama, iri biyu ne!"

Malama ta buɗe littafin tsuntsaye, ta nuna mata. Ga balbela fara, ga ta da ado, a shafi guda.

"To ai mai littafin ma yana iya kuskure," in ji yarinyar.

Aji ya fashe da dariya. Kunya ta kama ta, amma ta ƙi sunkuyar da kai. Malama ta rubuta sunayen masu tafiya a allo. Babu nata.

"Kina da dama har zuwa Juma'a," Malama ta ce.

Da yamma yarinyar ta koma fadama ita kaɗai. Ta rantse ba za ta tambayi kowa ba. Duk tsuntsun da ta hango sai ta nufe shi da gudu, shi kuma ya tashi fir. Ta dawo gida da laka har gwiwa, babu hoto ko ɗaya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har tuwo ta kasa ci.

Ranar Alhamis ta tsaya a bakin gonar kakanta tana wasa da gefen hijabinta.

"Kaka, sannu da aiki."

"Yauwa. Yau kuma me ake nema wurin mai tsohon ido?"

"Ka yi haƙuri. Ka koya mini."

Ya yi dariya, ya ajiye fartanya. Suka tsuguna a bayan shinkafa.

"Bar kallon launi," ya ce a hankali. "Dubi wuya. Dubi abin da yake ci. Balbela gajeren wuya gare ta, shanu take bi tana cin fara. Wancan fa?"

"Dogo ne. Wuyansa ma dogo. A ruwa yake tsaye."

"Farin zalɓe ke nan. Kifi yake jira."

Ta dafe baki. "Kaka, irinsa na goge ranar Litinin!"

Zalɓen yana da nisa, dole a jira ya matso. Sauro ya yi ta cizonta. Ƙafarta ta sage saboda tsuguno.

"Ko mu tafi?" in ji Kaka.

"Ba inda za ni. Ko ni ko shi!"

Sai da rana ta yi ja zalɓen ya matso. Ya caki ruwa, ya ɗago da ɗan kifi a baki. Ta danna wayar.

Ranar Juma'a Malama ta daɗe tana kallon hoton. Ta ɗauki alli ta rubuta sunan yarinyar a allo. 'Yan aji suka tafa mata.

"Me kika koya?" Malama ta tambaye ta.

"Na koyi in duba abu da kyau kafin in yi musu," ta ce. "Kuma in wanda ya fi ni sani ya yi magana, in saurara. Naci a kan aiki yake da amfani, ba a kan kuskure ba."