Babban Faifan Dada

Wannan labarin ba ji na yi ba, gani na yi, da idanun nan nawa da har yau suke zura zare a allura ba tabarau. Duk wanda ya ba ku labarin bikin Khaulat da Saifuddeen, ku tambaye shi a ina yake tsaye. Ni a kan tsani nake! Shekara talatin ina kafa kanofi a gidajen biki, daga Dutse har Jahun ba kanofin da ya taɓa faɗuwa a hannun Baba Jaji. Kuma daga saman tsani ba abin da yake ɓuya.

Ana jibi biki, ango ya roƙe ni in je Kiyawa in ɗauko kayan ado daga gidan amarya. Na tarar da Khaulat a tsakar gida ita da kakarta Dada, fayafayai baje a kan tabarma. Arba'in da ɗaya, na kaba, an rina su ja da kore da shuɗi. Wata goma sha ɗaya suka yi suna saƙa su. Dada kuwa yanar ido ta rufe mata gani, da laluben yatsa take aiki.

"Wannan ja ne ko kore?" in ji Dada.

"Kore ne, Dada."

"Ƙarya kike. Ja ya fi kaushi. Gwada ni kike ki ga ko na mutu."

Khaulat ta tuntsire da dariya. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙato, faɗinsa ya kai tayar mota, shuɗi da ruwan ƙwai. Na ce, "Wannan kuma na wane sarkin ne?"

Dada ta ce, "Mai shi zai sani ranar. Kai dai ka rataye shi a tsakiya, saitin kanta." Ta lalubo hannun jikar ta riƙe. "Khaulatu, fayafayan bikin nan su ne aikina na ƙarshe, yatsun sun gaji. Ba zan ga bangon ba, amma zan zo in shafa shi."

"Za ki shafa, Dada. Na yi miki alkawari."

To sai gidansu ango a unguwar Limawa, nan Dutse, inda za a yi walima. A nan Mashkura take da iko. Yayarsa ce. Uwarsu ta rasu yana shekara bakwai, ita ta bar makaranta ta raine shi, ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce bin sa asibiti. Yanzu tana da shagon deko a cikin Dutse, ita take ƙawata wurin biki na manyan mutane. Tun Saifu bai fara gemu ba take cewa ranar aurensa sai garin nan ya san ta iya aiki.

Ina sauke kaya ta fito, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Baba Jaji, mene ne wannan? Tallan fura za a yi a gidan?"

Saifuddeen ya ɗauki faifai ɗaya yana juya shi kamar an ba shi jariri. "Yaya, dubi fa. Da hannunta ta yi. Wallahi ban taɓa ganin ado mai kyau irin wannan ba."

Ku ji fa yaro. Shekara goma yana ganin aikin yayarsa, yau ya buɗe baki ya ce bai taɓa gani ba. Na ga fuskar Mashkura ta canja kamar an zuba wa nono tsamiya.

"Ni na ce zan yi maka deko, Saifu. Na tanadi komai."

"Na sani, Yaya. Amma Khaulat ta ce—"

"Khaulat ta ce, Khaulat ta ce. Tun watan azumi ban ƙara jin 'Yaya ta ce' a bakinka ba."

"Haba Yaya."

"Ba komai. Allah ya ba da zaman lafiya." Ta shige ɗaki, labule ya sha wuya.

Ranar biki tun da sanyin safiya na rataye fayafayan a bangon tsakar gida, yadda amarya ta zana mini a takarda, babban a tsakiya. Bango ya yi kyau har ni na ja da baya na cire hula. Maza suka ɗunguma Kiyawa wurin ɗaurin aure. Ƙarar motarsu ba ta gama ɓacewa ba na ji murya a ƙasan tsani.

"Sauke su."

"Hajiya, ango ne ya ce—"

"Ni na yi wa angon wanka. Sauke su."

Ni mutum ne mai ƙarfin hali, kowa ya sani. Amma ita take ba ni aikin kanofi. Na sauke.

Kafin azahar bango ya koma fari fat da yadi, ga fulawar roba, ga balan-balan kamar ɗari biyu, fari da ruwan hoda. Fayafayan kuwa ta ce a kai wa masu girki su rufe kwanuka, ai aikin faifai ke nan. Babban aka rasa kwanon da zai rufe, sai wata ta shimfiɗa shi a ƙasa ta ɗora masa tukunyar dafa-duka, daga kan wuta.

Bayan azahar aka shigo da amarya da guɗa. Aka zaunar da ita a kujera. Ta ɗan ɗaga mayafi ta waiga ta ga bango. Ni da nake sama ina gyaran igiya, na ga lokacin da ta sunkuyar da kai tana kallon hannunta mai lalle.

Ƙawarta Zulfa, wata mai baki kamar reza, ta zaro waya. "Kan uba. Bari in kira ango yanzun nan."

Khaulat ta damƙe wayar. "Kar ki kira."

"Wata goma sha ɗaya fa, Khaulat. Kin ga yatsunki kuwa? Saboda wannan robar?"

"In kin kira shi zai zo ya yi mata magana a gaban mutane. Ranar farko ke nan na shiga tsakaninsa da wadda ta raine shi. Da wane ido zan zauna a gidan?"

"To Dada fa? Tana hanya."

Nan ne hawaye ya zubo, ya ja kwalli har haɓa. Ta goge, ta miƙe, ta ratsa mata har inda Mashkura take zaune da ƙawayenta na Kano, ta durƙusa.

"Anti, sannu da aiki. Ado ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Alfarma ɗaya nake roƙo. Babban kawai, a rataye shi ko a gefe ne. Kakata za ta zo ta shafa."

"Ba zai shiga da kalar ba," in ji Mashkura, tana kallon waya. "Hoto za a ɗauka a ɗora, sunan shagona ne a kai. Ba zan sa abu lokal ba."

"Anti, don Allah."

Mashkura ta sunkuyo, ta rage murya. Sai dai kunnena ya fi na kowa a Jigawa. Ta ce, "Kin samu Saifu. Bai ishe ki ba? Bangon ma sai kin karɓe?"

Khaulat ta koma kujerarta ta ja mayafi. Mata suna ta ɗaukar ta hoto suna cewa amarya kukan rabuwa da gida take.

Ku kun san zafin Dutse ana dab da damina, duwatsun nan sun sha rana suna mayar da ita. Balan-balan ba ta san wannan ba. Can sai ka ji fau, can kuma fau. Malamar da take wa'azi sau uku tana yanke magana. Gam ɗin fulawar ya narke, suka riƙa faɗowa ɗaya-ɗaya, wata a cikin lemon wata Hajiya.

Da la'asar sai ga Dada. Ango da kansa ya riƙo hannunta, tana tsokanarsa.

"Angona, ka bar ni ka ɗauki wannan mai siraran ƙafafun. Za ka dawo ne."

"Ai ke ce uwargida, Dada."

"To kai ni bangon."

Sai a lokacin Saifuddeen ya ɗaga kai ya gani. Ya tsaya cak. Amma Dada ta riga ta saki hannunsa, ta bi muryar jikarta, ta zagaya bayan kujera ta miƙa hannu sama. Farcen da ya shekara sittin yana tsaga kaba ya sauka a kan wata ƙatuwar balan-balan.

Fau!

Mata suka watse da salati. Ni kuwa ina kan tsani ko gezau ban yi ba.

Dada ta tsaya da tsumman roba a hannu tana murza shi. "Khaulatu, wannan wace irin kaba ce?"

Saifuddeen ya juya wajen yayarsa, idonsa ya kaɗa. "Yaya, wa ya—"

"Suna nan cikin gida, Dada," Khaulat ta tari numfashinsa da sauri. "Ba su ɓata ba. Kowa ya yi ƙoƙari ne don bikin ya yi kyau." Ta dubi mijin nata ta girgiza masa kai. Ya haɗiye maganar.

Dada tsohuwa ce, ta gane. Ta nemi kujera ta zauna. Sannan ta ce, "To. Sauran ba komai, faifai ne. A kawo mini babban. Kuma a kira mini uwar ango."

Wata ta ce, "Ayya Dada, ai ta daɗe da rasuwa."

"Na sani. Ban ce wadda ta haife shi ba. A gidanmu yarinya ba ta shiga gidan miji sai da faifan uwar miji. Ya yini a rataye saitin kan amarya, sannan ta sauke ta miƙa mata a durƙushe. Da na ce wa yarinyar nan angonki ba shi da uwa, a bar shi, cewa ta yi yana da ita. Wata uku ta yi a kansa ita kaɗai, ni ban sa yatsa ba. Har aikawa ta yi a tambayo mata kalar da matar ta fi so. Ina Mashkura?"

Duk ido ya koma kan Mashkura. Leshin da yake jikinta shuɗi ne da ruwan ƙwai.

Ta miƙe kamar mai ciwon ƙafa ta nufi wajen girki. Na hango ta ta ɗaga tukunya da kanta, ba ko tsumma. Ta dawo rungume da faifan. Ga baƙin zagaye na gindin tukunya a tsakiyarsa, ga maiƙo, gefe ɗaya ya babbake.

Dada ta karɓa ta shafa, ta kai hanci. "Dafa-duka. To ai har ya fara aiki."

Ba wanda ya iya dariya. Khaulat ta karɓi faifan, ta durƙusa gwiwa biyu a gaban Mashkura ta ɗaga shi, ta faɗi abin da ake faɗa a gidansu.

"Ga shi, Anti. Ɗanki aro na ɗauka, ban ƙwace ba."

Mashkura ta zube a ƙasa, leshi da komai, ta fashe da kuka irin wanda ba a yi don mutane. "Na ɓata shi. Khaulat, da hannuna na ɓata shi."

"Naki ne, Anti. Duk yadda kika yi da shi daidai ne."

"Na ɗauka kin zo ki raba ni da shi ne. Tun yana wannan tsayin nake…" Saifuddeen ya tsuguna kusa da ita yana cewa, "Yaya, ni ne da laifi, bakina ne," shi ma yana share ido da hannun babbar riga.

Can ta miƙe ta fyace hanci, ta zare fil daga ɗankwalinta, ta bi sauran balan-balan tana fasa su da kanta. Ta yaye farin yadin. Ta sa aka kwaso fayafayai daga kan kwanuka, ta tattare zani ta hau tsanina, Hajiya guda mai shago, tana ratayewa Zulfa tana miƙa mata. Zulfa har da cewa, "Anti, a hankali, kar lokal ɗin ya faɗo miki." Mashkura ta ce, "Faɗi, na ci a faɗa mini." Babban ya koma tsakiya da baƙin tabonsa.

Aka kama hannun Dada ta bi bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kalar kowanne, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da ta gama ta ce, "Yanzu an yi biki." Khaulat ta zauna a ƙarƙashinsu, ta yi dariyarta ta farko a ranar, kwalli duk ya ɓata fuska. Wannan hoton ne suka manna a falo.

Faifan yana nan a shagon Mashkura, saitin kujerarta. An ce ta wanke tabon, ta ƙi. Kuma yau in ka taɓa Khaulat a gabanta, ka shirya barin unguwar.

To 'yan mata, da ku yayyen miji, ku ji. Da Khaulat ta bari an yi kiran wayar nan, da ta samu bangonta a take, ta rasa uwa a gidan miji har abada. Haƙurin yini ɗaya ya ba ta duka biyun. Ita kuma Mashkura, kishi ya rufe mata ido har ta jawo aka ɗora tukunya a kan kyautar da aka yi wata uku ana saƙa mata. In kun ji zuciya tana cewa an zo a ƙwace muku naku, ku dakata ku ga abin da aka riƙo a hannu tukuna.

Duk abin da na faɗa haka aka yi. Wuri ɗaya ne na ɗan gyara, inda na ce ko gezau ban yi ba. Da balan-balan ɗin nan ta fashe, a cikin bahon zoɓo aka tsamo ni. In ba haka ba, da yaya kuke zaton Mashkura ta samu tsanin ba kowa?