Sunan Da Ba A Kira A Kan Bromo

A wata rumfar abinci da ke bayan jami'a a garin Malang Kinasih ta fara ganinsa, wani dogon saurayi yana hawaye shaɓe-shaɓe a kan farantin shinkafa. Ta ɗauka rasuwa aka yi masa. Ashe bawan Allah yaji ya kwarara, yana zaton miyar tumatir ce. Ta miƙa masa shayi mai ƙanƙara tana danne dariya. Sunansa Firdavs, daga Tajikistan ya zo karatun noma, amma tun daga ranar ba ta kiransa da komai sai Mas Barkono, wato Yaya Barkono a yarensu.

Kafin damina ta kankama soyayya ta yi nisa. Kullum da asuba saƙonsa zai shigo, yana kiranta Dik, wato ƙanwa: "Dik Kina, na ci shinkafa ba yaji. Zuciyata ce dai take zafi, kuma ke kika jawo." Ita kuma ta mayar: "Sha ruwa, Mas Barkono. Maganinka yana hannun Bapak," wato babanta.

To, a nan gizo ke saƙar. Mahaifinta, Pak Wiryo, wato Malam Wiryo, ya tsufa yana raka baƙi dutsen Bromo mai aman wuta, kuma a can wansa ya ɓata cikin hazo tun suna samari, ko takalminsa ba a gani ba. Ranar da Firdavs ya je gaishe shi, tsohon ya gaya masa dokar da kowa ya sani: idan hazo ya rufe a kan dutse ba a kiran sunan mutum, kuma wanda ya ji an kira shi ba ya amsawa, don dutsen yana aron murya. Sai gogan naka ya yi dariya, wai duwatsun ƙasarsu sun ninka wannan tsayi, bai taɓa jin ɗaya ya yi magana ba.

Pak Wiryo ya ajiye kofinsa. Daga baya ya ce wa 'yarsa ba zai ba da ita ga wanda ba ya jin magana ba. Danang kuwa, direban motar jif da ya daɗe yana sonta, ya samu abin da yake so, yana ta zuga wai ai baƙo raɓa ne. Kinasih ta yi kuka har ta gode Allah, ta kuma daina amsa saƙon Firdavs don haushin dariyar nan.

Ana cikin haka ɗaliban ajinsu suka shirya zuwa Bromo a wuni a dawo. Pak Wiryo ne ɗan rakiya, Danang ke tuƙi.

Tun a filin yashin da ke gindin dutsen garin ya ɓata rai. Yayyafi ne ke sauka baƙi, haɗe da toka, iska na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Suna gama hawa matakala, hazo ya rufto gaba ɗaya, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ramin wutar da ke tsakiyar dutsen na gurnani a ƙarƙashinsu. Tsohon ya sa kowa ya riƙe rigar na gabansa suka sauko. Da aka duba a ƙasa, babu Firdavs.

Kinasih ta juya ta fuskanci matakalan. Ta buɗe baki za ta ƙwala masa kira, mahaifinta ya toshe mata baki da hannu. Danang mai cika baki tuni ya shige mota, wai zai kunna fitila.

Kinasih da mahaifinta suka koma sama. Tsohon yana buga sandarsa a dutse, ita tana bin sa tana salati a zuci. Ba ta taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Idan Firdavs ya amsa wani kiran fa? Kuma ita ce ta bar shi da fushinta.

A inda shingen da ke saman dutsen ya ƙare suka same shi zaune a ƙasa, ya toshe kunnuwansa, toka ta rufe masa kai. Tsakaninsa da bakin ramin bai fi taku ba. Ta faɗi kusa da shi tana kuka.

"Mas Barkono," ta faɗa a hankali.

Ya ɗago ya daɗe yana kallonta. "Yanzu kam ke ce. Ɗazu ma kin yi ta kirana daga can." Ya nuna cikin ramin. "Muryarki ce sak, kina kuka, kina cewa Firdavs, zo ka kama ni. Har na miƙe. Sai na tuna ba ki taɓa kirana Firdavs ba, na tuna maganar Bapak, na zauna."

Pak Wiryo ya tambaye shi ko ya ji wani abu bayan wannan. Firdavs ya ce akwai kuma muryar wani namiji, can ƙasa, ba shi take kira ba. Paimin take ta kira, wai ya yi sauri, an gaji da jiransa.

Sandar ta faɗi daga hannun tsohon. Paimin sunansa ne na yarinta, wanda ya ajiye tun ranar aurensa kamar yadda mazan yankinsu ke yi a da. Ko Kinasih ba ta taɓa jin sunan ba, amma da shi wansa da ya ɓata yake kiransa. Ya tsaya yana fuskantar ramin, leɓɓansa na motsi, sai Firdavs ya kama hannunsa da ƙarfi.

"Kar ka amsa, Bapak. Mu tafi gida."

Haka suka sauko, saurayin na riƙe da tsohon har mota.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren a masallacin unguwarsu. Iyayen ango suka zo da busassun 'ya'yan itace buhu guda, aka yi wa ango girkinsa daban ba yaji, 'yan'uwan amarya na ta tsokanarsa. Da Pak Wiryo ya riƙe hannunsa zai ba shi aure, ya kira cikakken sunansa da ƙarfi, sannan ya sunkuya ya raɗa masa: "Nan kam amsa, ɗana."

Firdavs ya amsa, Kinasih na share hawaye a bayan labule. Pak Wiryo bai sake hawa Bromo ba. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, Ya kuma tsare mu da amsa kiran da ba namu ba.